Gyaran Tsohuwar Sandar Sunuka: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Wasa a Bauchi

Daga Yelwa da Gwallameji, inda ɗalibai suka yi yawa, har cikin gari wajen Wunti, da wuya ka ratsa unguwa da yamma ba ka ji ƙarar ƙwallayen sunuka ba. Yawancin masu bugawa da sandar mai tebur suke wasa, wadda kowa ya zo zai ɗauka. Wanda wasan ya shiga ransa kuwa yakan so ya mallaki tasa, kuma sau da yawa abin da aljihu ke iya kaiwa tsohuwa ce, 'yar gwanjo ko wadda aka jingine a lungun shago. Irin wannan sanda tana gyaruwa har ta dace da hannun mai ita, matuƙar an san inda ya kamata a taɓa da inda ya kamata a ƙyale.

Na samu tsohuwar sanda da araha. Yaya zan gane ta cancanci wahala?

Miƙewa ita ce ta farko. Ka kwantar da ita a kan tebur ka mirgina ta a hankali, idonka a kan bakinta. In bakin yana ɗagawa yana sauka, ta lanƙwashe. Da yake teburan unguwa da yawa su ma ba a daidai suke ba, ka ƙara da ɗaga gindinta zuwa idonka, ka rufe ido ɗaya, ka dubi tsawonta kana juya ta. In mai haɗi biyu ce, ka kwance ka gwada kowane ɓangare shi kaɗai, domin wani lokaci itacen lafiya lau yake, datti ne ya taru a mahaɗar ya hana ta zama daidai.

Sai ka nemi tsaga, musamman a ƙasan zoben baki, wanda ake manna fata a kansa, da kewayen mahaɗa. Ka ɗan bugi gindinta da tafin hannu; in ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, akwai abin da ya saki. Fentin da ya koɗe, fatar baki da ta cinye, robar gindi da ta faɗi, duk waɗannan ba komai ba ne, su ma suka sa ka same ta da araha. Amma sandar da ta tsage a gaba ko ta lanƙwashe sosai, ka bar wa mai ita kayarsa.

Me zan fara gyarawa?

Fatar baki. Ita kaɗai ce ke taɓa farar ƙwallo, kuma ita ce mafi arha a jikin sandar. Kafin wani sojan Faransa mai suna François Mingaud ya ƙirƙiro sa fata a bakin sanda a farkon ƙarni na 19, da tsurar itace ake bugu, kuma dole a bugi tsakiyar ƙwallo, in ba haka ba sandar ta goce. Jan ƙwallo baya, sa ta bin gaba, ba ta juyi ta gefe, duk daga wannan 'yar fatar suka samo asali.

Sanduna masu araha da yawa suna zuwa da baki na murɗawa, ko wata hular roba da ake cusawa. Waɗannan sukan yi wasa a wurinsu, kana bugu kana jin wani "ƙwas" mara daɗi. Ni dai shawarata a cire su, a sa zobe na gaske, na tagulla ko na farar roba mai tauri, a manna fata a kansa. Mai injin juya ƙarfe zai iya yanka maka zoben tagulla daidai da kaurin sandarka.

Manna fatar kuwa aikin da za ka iya yi da kanka ne a tsakar gida. Ka yanke tsohuwar da sabuwar reza, ka kankare ragowar gam har saman zoben ya zama shafe, ba tudu ba kwari. A nan mutane suka fi ɓata aiki: suna goga samfefa da hannu a sake, sai gefen ya zagwanye, fatar ta zauna a karkace, bayan kwana biyu ta tashi. Ka zaɓi fatar da ta ɗara zoben faɗi kaɗan, misali ta milimita 11 a kan zobe mai milimita 10. Ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil, ka goga bayan fatar sau kaɗan don gam ya samu wurin kamawa. Ka naɗe zoben da salatif, ka ɗiga Super Glue ɗigo ɗaya, mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa, ka danna da babban yatsa na minti ɗaya ko biyu, sannan ka bar ta ta bushe sosai. Bayan haka ka kifa sandar, bakinta a kan katako, ka riƙa sauke reza a jikin zoben kana yanke abin da ya yi saura, kaɗan-kaɗan kana juyawa. Daga nan ka gyara samanta da samfefa, kana ja daga tsakiya zuwa gefe, har ta yi ɗan tudu a tsakiya ta gangara. A ƙarshe ka ɗan jiƙa gefen fatar da yatsa, ka murza shi da guntun fata ko takarda har ya yi duhu ya yi sheƙi. Wannan murzawar ce ke hana ta bajewa ta yi leɓe.

Wane girma, kuma mai laushi ko mai tauri?

Ka fara duba ƙwallayen da kake bugawa, domin abin da muke kira sunuka a nan wasanni ne daban-daban. Ƙwallon asalin sunuka faɗinta milimita 52.5 ne, kuma sandarta bakinta yakan kasance tsakanin milimita 9.5 da 10. Manyan ƙwallaye masu lamba irin na Amurka milimita 57 ne da 'yan kai, sun fi nauyi, sandarsu tana da baki milimita 12 zuwa 13. Ƙwallaye ja da rawaya irin na Ingila kuwa inci 2 ne, farar ma ba ta kai haka ba, shi ya sa ake buga su da siririn baki na milimita 8 zuwa 9. Wanda ya ɗauki siririyar sanda yana bugun manyan ƙwallaye da ita da ƙarfi kullum, ba zai daɗe ba zoben zai tsage.

Fata mai laushi ta fi riƙe allin da ake shafa mata, amma tana saurin bajewa, sai an riƙa gyara ta. Mai tauri tana daɗewa, sai dai takan yi santsi, dole a riƙa ɗan karce samanta. Daga cikin sanannu akwai Elk Master, mai laushi, da Triangle da Le Pro, masu tauri, dukkansu na kamfanin Tweeten da ke Shikago. Akwai kuma masu hawa-hawa da ake yi a Japan, irin su Kamui, masu tsada. Kafin ka saya ka sani cewa yawancin waɗannan masu hawa-hawa da fatar alade ake yin su. Ga tsohuwar sanda mai araha, Elk Master ta wadatar.

Sandar tana kama min hannu, ba ta zamewa a kan yatsu. Hoda ce maganin?

Hoda tana taimakawa na ɗan lokaci, daga baya ta haɗu da gumi ta zama dauɗa, ta kuma ɓata ƙyallen tebur. Abin da ke jawo kamawar abu biyu ne: datti, da man ƙyallin da ake fesa wa sanduna masu araha. Ka fara goge ta da tsumma mai ɗan danshi, ka bi da busasshe nan take. In har yanzu tana kamawa, ka cire man ƙyallin daga gaban sandar da samfefa mai lamba 400, ka bi da 600, ka ƙare da 1000, kana bin tsawon itacen kana juya ta don kada gefe ɗaya ya fi ci. Da zarar ka ga garin itace ya fara fita, ka tsaya.

In sandar itacen ash ce, wanda ake gane shi da zane-zanen jijiyoyi masu duhu, ana shafa mata man linsid, wani man shafa katako, kaɗan, a bar ta ta kwana, a goge. Tsumman da ka yi aikin da shi ka shanya shi a waje, kada ka dunƙule shi, domin yana iya kama wuta da kansa. Farin itacen maful mai sumul ba ya buƙatar mai, murzawa da fata ta ishe shi. Man gyaɗa, basilin, baƙin mai, kalanzir, kada ko ɗaya ya kusanci sandarka.

Ta yi min nauyi, ko ta yi sakayau. Ana iya canzawa?

Ana iya. Sandar manyan ƙwallaye takan kai oza 18 zuwa 21, wato kimanin giram 510 zuwa 595, kuma oza 19 aka fi amfani da ita. Ta asalin sunuka ta ɗan fi haka sauƙi. Ka ɗora taka a sikelin mai shago ka san inda take. Sanduna da yawa in ka cire robar gindi za ka tarar da doguwar ƙusa mai zare a ciki, ita ce nauyin. Ana kwance ta a yanke, ko a sa wadda ta fi ta. In babu, kafinta zai iya huda gindin a tsakiya ya sa guntun rodi da gam. Kada ka narka dalma, hayaƙinta guba ne.

Abin da ya fi yawan nauyi muhimmanci shi ne inda ya zauna. Ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya ka nemi inda take tsayawa daidai. A yawancin sanduna masu kyau wurin yana tsakanin inci 16 da 19 daga gindi. Duk ƙarfen da ka ƙara a baya zai ja wannan wuri baya, bakin ya riƙa ɗagawa daga kan yatsunka. Saboda haka ka fara ɗaure ƙarfen da salatif ta waje, ka buga wasa da shi na 'yan kwanaki, in ya yi maka sannan a huda. Kuma ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya fata da nauyi da tsawo rana guda, in bugunsa ya lalace ba zai san wanne ne ya jawo ba.

Zan iya rage mata tsawo ko in siranta gabanta?

Tsawon da aka saba inci 57 ne ko 58. In za a rage, daga gindi ake yanka, kuma wurin da take tsayawa daidai a kan yatsa zai motsa. In kana da burin shiga gasa, dokar sunuka ta hana sanda ta gaza ƙafa 3, dokar duniya ta wasan manyan ƙwallaye kuma ta ce kada ta gaza inci 40, kada ta wuce oza 25, kada bakinta ya wuce milimita 14.

Sirantawa tana da amfani na gaske: in gaban sanda ya yi sauƙi, farar ƙwallo ba ta kaucewa layi sosai idan ka buge ta ta gefe. Amma itacen da ka cire ba ya dawowa, kuma da hannu ba a samun zagaye daidai. In dole ne, a ɗora ta a injin da ake juya ƙafafun kujera, a rage rabin milimita, ka gwada.

Wurin riƙo fa? Ina son ta yi kyau.

A nan muna da abin da ya fi na kanti. Baduku zai naɗe maka wurin riƙon da siririyar fatar akuya, ya fere bakin haɗin ya kwanta, har ya buga sunanka a jiki. Tana shan gumi, tana da daɗin riƙo. Ka dai roƙe shi kada ya yi mata kauri, kuma kada a ɗora wani ado a gaban mahaɗa.

Allin makaranta zai yi?

A'a. Allin sunuka ba alli ba ne irin na allo, garin yashi ne mai kaifi da aka cure, irin wanda William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897. Kaifin ne ke sa fata ta kama ƙwallo. Ka sayi naka, irin su Master ko Triangle, ka riƙa shafa shi a kan fatar maimakon murɗa sandar a cikinsa.

Bayan duk wannan, me zai hana ta lanƙwashewa a yanayin Bauchi?

Yanayinmu yana wahalar da itace. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana tsotse danshinsa har zobe ya saki. Zafin Maris da Afrilu yana gasa shi. Ruwan Agusta kuma ya kumbura shi. Kada ka jingina ta da bango a karkace, kada ka bar ta a cikin mota ko a ƙarƙashin kwano da rana, kada ka ajiye ta a ƙasan siminti mai danshi. Ka kwance ta ka sa a jaka mai tauri, ko ka rataye ta a tsaye a ɗakin da rana ba ta bugu. Guntun bututun roba na famfo mai marfi biyu, a sa masa soso a ciki, yana yin aikin jaka sarai, har a bayan babur.

In ta riga ta ɗan karkace, wasu suna rataye ta ta baki, su ɗaura abu mai ɗan nauyi a gindi na makonni. Wani lokaci tana miƙewa, sau da yawa kuma ta koma yadda take, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka kai ta bakin wuta. In karkacewar kaɗan ce, ka sa alama da biro a gindi, ka riƙa riƙe ta alamar tana sama a kowane bugu, yadda lanƙwasar za ta kasance ta sama da ƙasa, ba ta hagu ko dama ba.