Mene ne rumbun bayanan jinom na yis?

Yis ɗin da ke kumbura ƙullun burodi halitta ne mai rai, ƙwaya ɗaya tak. Masana sun daɗe suna nazarinsa saboda yadda ƙwayarsa ke girma da rabuwa ya yi kama da abin da ke faruwa a jikin mutum. Sunansa na kimiyya Saccharomyces cerevisiae. A 1996 aka gama karanta jinom ɗinsa, wato dukkan rubutun gadon da ke cikin DNA ɗinsa: haruffa kusan miliyan 12, a kan kuromosom (wato dunƙulen zaren DNA) 16, da ƙwayoyin gado (wato sassan rubutun da ke ɗauke da umarnin aiki) kimanin 6,000.

Sai dai karanta rubutu daban, fahimtarsa daban. Rumbun bayanan jinom shafi ne a intanet da ke tara duk abin da aka gano game da kowace ƙwayar gado, kowa ya shiga ya duba kyauta. Wanda masu binciken yis suka fi dogara da shi shi ne SGD (Saccharomyces Genome Database), da ke Jami'ar Stanford a Amurka.

A ce mai bincike ya rubuta CDC28, sunan wata ƙwayar gado ta yis. Nan take zai ga jerin haruffanta, da furotin ɗin da take samarwa, da abin da ke samun yis idan ta lalace, da binciken da aka wallafa a kanta. Zai kuma ga wani suna, YBR160W, wanda tamkar adireshi ne: Y na nufin yis, B kuromosom na biyu, R ɓangaren dama. Wannan ƙwayar gado ce ke tafiyar da rabuwar ƙwayar yis, kuma takwararta a jikin mutum ita ce CDK1. Nazarin wannan tsari ne ya sa masana uku, Hartwell da Nurse da Hunt, suka sami kyautar Nobel a 2001.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen da ke bayan rumbun. Masana ne da ke zama su karanta takardun bincike ɗaya bayan ɗaya, su tace, su rubuta cewa an gano kaza, ta gwaji kaza. Da ba don su ba, sai ɗalibi ya ɓata watanni yana maimaita gwajin da wani ya gama tun shekaru ashirin baya.

Akwai wani nau'in yis, Schizosaccharomyces pombe, mai kuromosom 3 kacal, shi ma da nasa rumbun, PomBase. Mai bincike kan buɗe su biyun tare ya kwatanta ƙwayar gado guda.