Iskar da Ma'aikacin Sufuri Yake Shaƙa: Abin da Yarjejeniya ta 148 Ta Tanada

Kafin fasinja na farko ya hau bas da asuba, akwai waɗanda sun riga sun daɗe suna shaƙar hayaƙinta. Manyan motocin bas birkinsu na iska ne, sai an bar injin yana aiki motar tana tsaye kafin iskar birkin ta taru. A garejin da aka jera motoci da yawa ƙarƙashin rufi ɗaya, aka kuma tayar da su kusan lokaci guda, hayaƙin dizal ba shi da wurin zuwa sai ƙirjin direba da makaniki da mai shara. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa matsalar wata iri ce. Jirgin na lantarki ne, ba ya hayaƙi, amma gogayyar ƙafafunsa da ƙarfen dogo da ta birki tana nika ƙarfe ya zama gari, kuma duk jirgin da ya wuce sai ya sake tayar da wanda ya kwanta. Fasinja mintoci yake yi a ciki. Ma'aikaci awa takwas yake yi a kullum, wani har shekara talatin.

Shi ya sa maganar iska ba ta barin bakin ƙungiyoyin ma'aikatan sufuri. Tambayar da mambobi suka fi yi a taro kuwa ita ce, shin akwai dokar da ta tsaya mana, ko dai alfarma muke roƙo? Akwai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar da Yarjejeniya ta 148 a birnin Janiba a watan Yunin 1977, ta fara aiki a 1979. Abubuwa uku ta ƙunsa: gurɓacewar iska, da ƙara, da girgiza a wurin aiki. Duk ukun kuwa abokan zaman ma'aikacin sufuri ne.

Yarjejeniyar ILO ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta amince da ita a hukumance, sannan ta zuba ta cikin dokokinta. Wannan ma an yi mata sassauci na musamman, domin Sashe na 2 ya yarje wa ƙasa ta ɗauki ɓangare ta bar ɓangare. Birtaniya, alal misali, ɓangaren iska kaɗai ta ɗauka. Saboda haka aikin farko na duk wakilin ƙungiya shi ne ya san ko ƙasarsa ta amince, da abin da ta ɗauka. Wanda ƙasarsa ba ta amince ba ma bai tashi hannu rabbana ba. A watan Yunin 2022 taron ILO ya sanya lafiyayyen wurin aiki cikin ginshiƙan haƙƙoƙin ma'aikata, waɗanda ake sa ran kowace ƙasa mamba ta mutunta su saboda zamanta mamba kawai.

Sashe na 3 ya fassara gurɓatacciyar iska da faɗi: duk iskar da wani abu mai cutar da lafiya ko mai haɗari ya shiga cikinta, ko wane irin siffa abin yake da ita. Hayaƙi ne, ƙura ce, tururin sinadarin wanke mota ne, gas ne marar wari, duk sun shiga. Wannan faɗin yana da amfani, domin yakan toshe bakin mai cewa ai ƙura ce kawai, ba guba ba ce. Sashe na 6 kuma ya ɗora nauyin a wuyan mai ba da aiki. Ya ƙara da cewa idan masu ba da aiki biyu ko fiye suna aiki a wuri ɗaya, dole su haɗa kai. A harkar sufuri wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tasha ɗaya za ka tarar hukuma ce ke da ginin, wani kamfani ke tafiyar da motoci, ɗan kwangila ke shara, wani ɗan kwangilar ke gyaran dogo da dare. Idan ba a ɗaure su da igiya ɗaya ba, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa, mai sharar da aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila kuwa shi ne zai fi kowa kwana a ciki.

Zuciyar yarjejeniyar, a ganina, tana Sashe na 9 da na 10, kuma duk mamban da zai haddace wani abu to ya haddace jerin da ke cikinsu. Da farko a kawar da cutar da dabarar injiniya, ko tun wajen tsara sabon gini da sayen sabbin injuna, ko ta ƙara wa tsofaffin abin da suka rasa. A gareji wannan na nufin bututun da ake maƙala wa salansa ya ja hayaƙin waje, da fankokin da ke zuƙe iska, da matatar da ke tare baƙin hayaƙi a jikin motar, da sauya tsofaffin motoci da masu lantarki idan da hali. A ramin jirgi yana nufin tsotse ƙurar da injin maimakon share ta da tsintsiya, da jiƙa kankare kafin a huda shi, da birkin lantarki da ke rage gogayya. Idan hakan bai yiwu ba, sai a koma ga tsarin aiki: a hana barin inji yana aiki ba dalili, a tayar da motoci rukuni-rukuni, a rage awannin da mutum ɗaya yake yi a wurin da ya fi muni. Sai duk waɗannan sun gaza sauko da gurɓacewar zuwa mizanin doka, sannan Sashe na 10 ya kawo maganar kayan kariya, ya ce mai ba da aiki ne zai samar da su ya kuma kula da su.

To amma abin da ake gani a wurare da yawa shi ne an juya jerin. An kai ƙorafi, sai a aiko da kwalin takunkumi a ce an magance. Takunkumi shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi rauni. Na ƙyalle ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙura yadda ya kamata. Wanda aka yi domin ƙura ba ya tare gas, ballantana wanda ba shi da launi ba shi da wari, irin wanda ke fita daga inji yana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mai kyau ɗin ma sai ya manne da fuska ba ɓaraka, gashin fuska yakan hana shi mannewa, kuma ba kowa ke iya jure shi tsawon awa takwas cikin zafi yana aiki mai nauyi ba. Mafi muni, yana mayar da laifin kan ma'aikaci: ranar da ya kamu da ciwo sai a ce ai ba ya sa takunkuminsa. Wakilin da aka miƙa wa kwali yana da hurumin ya tambaya, cikin ladabi kuma a rubuce, wane mataki na injiniya aka gwada kafin a zo nan, kuma me ya hana shi.

Yarjejeniyar ba ta faɗi adadin da ya halatta ba. Sashe na 8 ya bar wa hukumar kowace ƙasa ta sa mizani, da sharaɗin ta saurari masanan da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ba da aiki suka zaɓa, ta kuma riƙa sabunta shi a kai a kai yadda ilimi ke ƙaruwa. Ilimin kuwa ya ƙaru ƙwarai tun 1977. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin dizal a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, a nan na huhu. Tarayyar Turai ta biyo baya a 2019 da mizanin miligiram 0.05 na baƙin gawayin hayaƙin a kowace kubik mita ta iska, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2023, aka ɗaga wa masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa da masu haƙa ramuka ƙafa zuwa 2026. Dubi tazarar: kusan shekara goma sha ɗaya tsakanin tabbatar da cutar da fara aikin mizanin.

Akwai kuma wani giɓi da ke ɗaure wa mambobi kai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙurar nan mafi ƙanƙanta, PM2.5, ta wuce maikirogiram 15 a kubik mita a matsakaicin yini guda a iskar da jama'a ke shaƙa. Dokar wurin aiki ta Birtaniya kuwa tana ɗaukar ƙurar da ke isa can cikin huhu a matsayin haɗari idan ta kai miligiram 4 a kubik mita a matsakaicin awa takwas, wato maikirogiram 4,000. Ma'aunan biyu ba iri ɗaya ba ne, girman ƙwayoyin da tsawon lokacin sun bambanta, kuma ƙurar ƙarfe ta rami ba ita ce ƙurar titi ba. Duk da haka giɓin ya yi faɗin da za a iya auna tasha a ce ta cika sharaɗin doka, alhali ma'aikaci yana fyace baƙar majina kullum idan ya tashi aiki. Kan wannan ne ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan suka daɗe suna matsa lamba game da ƙurar ramuka. Idan aka ce maka an cika mizani, ka tambaya wane mizani, na wace shekara, a ina aka ajiye na'urar, kuma da ƙarfe nawa. Awon da aka yi da tsakar rana bayan motoci sun watse ba ya ba da labarin asuba.

Nan ne aikin mambobi ya shigo, kuma yarjejeniyar ta ba shi gindi. Sashe na 7 ya ba ma'aikata da wakilansu damar gabatar da shawara, da neman bayani da horo, da ɗaukaka ƙara gaban hukumar da ta dace. Sashe na 5 ya ce a ba wakilan ma'aikata damar raka sufeto idan ya zo duba wuri, sai fa in sufeton ya ga hakan zai kawo cikas ga aikinsa. Kada a raina wannan rakiya. Sufeto baƙo ne, inda aka kai shi nan zai gani. Makanikin da ya shekara goma a ramin gyara shi ya san fankar da ta mutu tun bara da lungun da hayaƙi ke taruwa. Reshen ƙungiya da ya san abin da yake yi yakan zaɓi wakilin lafiya a kowane gareji da kowane zubin aiki, har da na dare, ya buɗe littafin da ake rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ya riƙa tambayar mambobi game da tari da ciwon kai da ƙaiƙayin ido, ya nemi kwafin duk awon da aka yi, sannan ya kai abin da ya tara teburin ciniki domin ya shiga yarjejeniyar aiki da ranar cikawa.

Rubutun nan yana da muhimmanci saboda wani rauni da ke cikin dokar kanta. Wata yarjejeniyar, ta 155 ta shekarar 1981, ta kare ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da dalilin gaskata cewa akwai babban haɗari na nan take ga ransa ko lafiyarsa, muddin ya sanar da shugabansa nan da nan. Wannan ya dace da ranar da hayaƙi ya turnuƙe rami mutane suna jiri. Amma ƙura a hankali take cin huhu, ciwon kan bayyana bayan shekaru, wani lokaci bayan mutum ya yi ritaya. Da wuya a kira ta haɗarin nan take. Abin da zai tsaya wa mutum a wannan rana shi ne tarihin da aka rubuta tun yana da ƙarfinsa.

Sashe na 11 shi ne na duba lafiya. A duba ma'aikaci kafin a tura shi aikin da ke da irin wannan haɗari, a kuma riƙa duba shi lokaci-lokaci, ba tare da ya biya ko sisi ba. Na san dalilin da ke sa wasu gudun wannan gwaji: tsoron kada likita ya ce huhunsu ya taɓu a sallame su. Tsoro ne mai dalili ga mai iyali, kuma waɗanda suka rubuta yarjejeniyar sun hango shi. Sashen ya ce idan likita ya ga bai dace mutum ya ci gaba da wannan aikin ba, a yi iyakar ƙoƙari a sama masa wani aikin da ya dace da shi, ko a kiyaye masa abin shigarsa ta hanyar tsarin inshorar ma'aikata ko wata hanya. Kalmar "iyakar ƙoƙari" tana da laushi, mai son zillewa zai iya bi ta cikinta. Saboda haka reshen da zai tura mambobinsa gwajin huhu ya fara zama da hukumar gudanarwa tukuna, a rubuta wane aiki za a mayar da wanda gwajin ya kama, da albashin da zai ci gaba da karɓa, da wanda aka yarje wa ganin sakamakon likita.