Lissafin Hayaƙin Gidanka

A zagayen da nake yi gida-gida, da na ambaci iskar kabon, wato iskar da ke fita idan an ƙona mai ko itace, mai ɗumama duniya, sai maigida ya ce, "Malam, ai wannan maganar masu masana'antu ce." Yana da gaskiyarsa. Abin da ɗan Najeriya ɗaya yake fitarwa a shekara bai kai tan 1 ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 10. Sai dai hayaƙin da ke tashi daga gidanka kai kake fara shaƙarsa, kuma kuɗinka ne ke ƙonewa.

Awon ba ya buƙatar na'ura. Ka sami littafin rubutu, ka yi mako guda kana rubuta man da aka zuba wa janareta da babur, gas ɗin da aka cika, da damin itace ko gawayin da ya ƙare. Lita 1 ta fetur tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kusan 2.7, kilo 1 na gas ɗin girki kusan 3. To, ƙaramin janaretan da ke shan lita 2 kowane dare ya wuce tan ɗaya da rabi a shekara, shi kaɗai. Sau da yawa ƙwan lantarki huɗu da fanka da cajin waya ne kawai aikinsa, abin da ƙaramar sola za ta ɗauka ba ƙara ba wari.

Amma inda na fi daɗewa shi ne madafi. Ka tsaya ka kalli uwargida a gaban murhun duwatsu uku da magariba: ta durƙusa tana hura ɗanyen itace, idanu jajir, hawaye na zuba, goyon da ke bayanta yana tari. Mafi yawan zafin wutar nan yana zurarewa ta gefen tukunya. Murhun laka da aka kewaye, aka bar ƙofa ɗaya, yana rage cin itace sosai, kuma matan gida da kansu suke iya gina shi. A shanya itace ya bushe, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun da dare. Gawayi kuwa yaudara gare shi, don ba ya hayaƙi a gida. Nasa hayaƙin a daji ya yi shi, inda aka ƙona itace mai nauyinsa ninki da yawa kafin buhu ya cika.

Ƙona leda a bakin ƙofa da cinna wa karan gona wuta bayan girbi, a bar su. Karan nan abincin dabba ne, ragowar kuma taki.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin bishiyoyi ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gonakinsu, suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. Lokacin sharar gona bana, ka duba kututturan da ke toho, ka bar wa kowanne reshe biyu ko uku masu ƙarfi.