Waiwaye: Yadda Gardamar Tallafin Sola Ta Samo Asali a Legas

Legas ce ta fara ganin wutar lantarki a Najeriya, tun shekarar 1896, amma har yau mai shagon cajin waya a Agege ba ya rabuwa da jarkar fetur. An kafa NEPA a 1972, aka sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wutar Legas ga kamfanoni biyu masu zaman kansu, na Eko da na Ikeja. Suna ya yi ta canjawa, mutane kuwa ba su daina cewa "an ɗauke NEPA" ba.

Maganar tallafa wa wutar sola ta ɗauki zafi ne a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta rattaba hannu da kamfanoni 14 domin su gina manyan tashoshin hasken rana, galibi a Arewa. Aka yi ta ja-in-ja kan farashi da kuma wanda zai ɗauki lamunin biyan kuɗi, yarjejeniyar ta kwanta a kan takarda. Daga nan hankali ya koma kan ƙananan tashoshi da faifan da ake ɗorawa a kan rufi, har Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023 don faɗaɗa irin wannan aiki.

Abin da ya kawo gardamar bakin kowa shi ne cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai kuma Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Tela a Idi-Araba da ke da keken ɗinki na lantarki guda uku ya zauna ya yi lissafi: janareta ya fi ƙarfinsa, mita na zuƙe kuɗi, batir da injin inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida kuma sai mai hannu da shuni.

Masu adawa da tallafin sola suna cewa sola na girgiza babban layin wuta na ƙasa, tunda rana faɗuwa take yi. A ganina wannan hujjar aro ce daga Jamus, inda sola ke zuba wuta mai yawa a layi. A nan mafi yawan wutar daga iskar gas take, kamar tashar Egbin ta Ikorodu, sai madatsun Kainji da Jebba da Shiroro. Layin ya durƙushe sau da dama a 2024 saboda tsofaffin wayoyi, ɓarnar 'yan ta'adi da bashin masu gas, sola ba ta da hannu a ciki.

Hujjar da ke da nauyi ita ce wannan: idan masu kuɗin Ikoyi da Lekki suka koma sola, su ne manyan masu biya, sai a bar talaka da kamfanin da kuɗin shigarsa ya ragu. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwarsu, kuma Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu kan ta Legas a Disamban 2024, don haka yanzu a Alausa, mazaunin gwamnatin Jihar Legas, ake wannan ciniki.