Claude Monet Bai Mutu Yana Matalauci Ba

An daɗe ana maimaita cewa Claude Monet, shahararren mai zanen nan na Faransa, ya ƙare rayuwarsa cikin talauci ba tare da an san darajar aikinsa ba, alhali tarihinsa bai goyi bayan wannan magana ba. Da alama ana cakuɗa labarinsa ne da na Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, wanda ya mutu a 1890 kafin zanensa ya yi kasuwa.

Gaskiya ne Monet ya ɗanɗana kuɗarsa da farko, domin bashi ya yi masa katutu, masu sharhi sun yi wa salonsa ba'a a wani baje kolin zane-zane da aka yi a 1874, kuma matarsa Camille ta rasu a 1879 lokacin da gidan ke cikin ƙunci. Sai dai al'amura sun sauya, musamman bayan dillalinsa Paul Durand-Ruel ya kai zane-zanensa birnin New York a 1886, inda attajiran Amurka suka yi ta saye. A 1890 ya sayi gidan da yake haya a ƙauyen Giverny, sannan a 1893 ya ƙara fili, ya janyo ruwa daga wani reshe na kogin Epte, ya haƙa tafkin bado, ya kuma ɗauki ma'aikatan lambu yana biyan su, abin da matalauci ba zai ko yi mafarkinsa ba.

Ya rasu a 1926 yana da shekara 86, bayan ya ba gwamnatin Faransa kyautar manyan zanen badon da aka kafa a gidan tarihi na Orangerie a Paris a 1927.