Tallata surar jikin 'yan wasa mata a talla da kafafen watsa labarai

Tallata surar jikin 'yan wasa mata shi ne nuna 'yar wasa a talla, ko hoto, ko rahoto, ta yadda surarta ce za ta ja hankalin mai kallo, ƙwarewarta kuwa ta koma gefe. Abin yakan bayyana a irin tufafin da hukumomin wasanni ke wajabtawa, da wurin da mai ɗaukar hoto ke kafa kyamararsa, da kalaman masu sharhi, da kuma irin matan da kamfanoni ke zaɓa su ba kwangilar talla.

Tushen lamarin kasuwa ne. Wasannin mata sun daɗe ba sa samun fili a talabijin, saboda haka wasu shugabanni suka ɗauka cewa rage sutura zai jawo 'yan kallo da masu talla. A 2004 shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ya ba da shawarar mata 'yan ƙwallon ƙafa su riƙa sa wando mai ɗame jiki, a 2011 kuma hukumar badminton ta duniya ta yi ƙoƙarin tilasta wa mata sa siket, amma suka ya sa ta janye. Misalin da aka fi kawowa a fagen talla shi ne Anna Kournikova ta Rasha, wadda ta kasance cikin 'yan tanis mata da suka fi samun kuɗin talla a zamaninta, alhali ba ta taɓa cin kofin WTA, wato ƙungiyar tanis ta mata, a wasan mutum ɗaya-ɗaya ba.

Shekarar 2021 ce ta fi tayar da ƙura. Hukumar ƙwallon hannu ta Turai ta ci tarar tawagar matan Norwe Yuro 1,500 saboda sun buga wasan bakin teku da gajeren wando maimakon ɗan kamfai, duk da cewa maza da gajeren wando suke bugawa, kuma kafin shekarar ta ƙare hukumar duniya ta sauya dokar. A shekarar ce kuma matan Jamus masu wasan alkafura suka shiga gasar Olamfik ta Tokyo da rigar da ta rufe ƙafafu har idon sawu, suna cewa kowace mace ce ya kamata ta zaɓi abin da take sakewa a ciki.

Ga masu kallo a Saudiyya da Sudan, ciki har da Hausawan Makka da Jidda da Omdurman, muhawarar ta zo ne ta wata ƙofa, domin tambayar farko a nan ita ce ko mace za ta shiga fili ma. Sai a gasar Olamfik ta Landan a 2012 Saudiyya ta fara tura mata, wato Sarah Attar a tseren mita 800 da Wojdan Shaherkani a judo, wadda sai da aka yi ta ja-in-ja kan lulluɓin kanta kafin a bar ta ta fafata, sannan ta sha zagi a shafukan sada zumunta daga wasu 'yan ƙasarta. An buɗe wa mata 'yan kallo filayen ƙwallo a Saudiyya a Janairun 2018, tawagar matan ƙasar ta buga wasanta na farko a 2022, Sudan kuma ta fara gasar lig ta mata a Khartoum a Satumban 2019.

Dokokin hana hijabi su ma jikin 'yar wasa suka mayar abin hukunci. FIFA ta hana shi daga 2007, lamarin da ya fitar da matan Iran daga wasan share fagen Olamfik da Jodan a 2011, kuma ba ta halatta shi gaba ɗaya ba sai 2014. Do'a Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga ta bakin teku da hijabi a Rio a 2016, bayan sassauta dokar suturar wasan a 2012, amma hoton da jaridu suka fi yaɗawa shi ne nata tana fuskantar Bajamushiya mai ɗan kamfai a gaban raga, sai aka yi ta maganar tufafi aka manta da wasan. Faransa ma ta hana 'yan wasanta sa hijabi a gasar Paris ta 2024.

Kamfanoni ba su yi nauyin ƙafa ba wajen gano wannan kasuwa, domin Nike ta fitar da hijabin wasanni tun 2017, abin da wasu ke kallo a matsayin ci gaba, wasu kuma ke ganin sabuwar hanya ce ta sayar da kamannin mace. Kamfanin da ke ɗaukar hotunan Olamfik kuwa ya sanar a Tokyo cewa kyamarorinsa ba za su riƙa matsawa kan sassan jikin 'yan wasa ba, sai dai wannan ƙa'ida ba ta kai ga hotunan da ake yankawa ana yaɗawa a Instagram da TikTok.