Ma'anar "Hygge": Kalmar da Mutanen Danmak ke Tarbar Hunturu da Ita

Duk wanda ke leƙa tallace-tallacen kantunan Turai da Amurka a intanet daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, da wuya a ce bai taɓa cin karo da kalmar hygge ba, domin a wannan lokaci na sayayyar bukukuwan ƙarshen shekara ana liƙa ta a jikin bargo, da kyandir, da safar ulu, da kofin shayi, har mai karatu ya ɗauka sunan wani kamfani ne. Kalmar ta harshen mutanen Danmak ce, kuma maƙwabtansu na Norwe su ma suna da ita. Furucinta ya yi kusa da "huga", sai dai wasalin farko ana fitar da shi ne da tsukakkun leɓɓa, kamar mai shirin yin fito.

Babu kalma guda ta Hausa da za ta ɗauke ma'anarta gaba ɗaya. Akwai natsuwa a cikinta, akwai sakewa, akwai ɗumin ɗaki da daɗin hira, akwai kuma amincin da mutum ke ji idan yana tare da waɗanda ba ya buƙatar ya yi musu kwalliya ko ya auna maganarsa kafin ya furta. Idan aka tattara waɗannan, hygge shi ne yanayin da ke samuwa yayin da mutane kaɗan, ko ma mutum shi kaɗai, suka keɓe a wuri mai ɗumi da sassauƙan haske, suka ajiye gaggawa da gasa a bakin ƙofa, suka ba ƙananan abubuwan jin daɗi lokacinsu. Mutanen Danmak suna sarrafa kalmar ta kowace fuska: suna ce, aikatau ce, kuma sifarta ita ce hyggelig, wadda ake yaba gida da ita, ko ziyara, ko mutum mai daɗin zama. Idan za a rabu, wani kan ce wa ɗan'uwansa "hyg dig", wato ka je ka sake, ka ji daɗin zamanka. Baƙo kuma in zai yi sallama bayan cin abincin dare, babban yabon da zai yi wa masu gida shi ne ya ce zaman ya yi hyggelig, kuma wannan ya fi musu a ce abincin ya yi tsada ko gidan ya ƙayatu.

Abin da ya fi fito da zuciyar kalmar, a ganina, shi ne kishiyarta. Idan aka ƙara mata harafin korewa aka ce uhyggelig, ma'anar ba ta tsayawa a kan rashin daɗi, tana komawa abin tsoro, irin lungun da babu fitila ko labarin da ke sa tsigar jiki ta tashi. Wannan ya nuna cewa tushen hygge aminci ne, wato mutum ya ji babu abin da zai same shi a inda yake zaune, kuma ɗumi da zaƙi da laushin bargo duk rassa ne da suka tsiro a kan wannan tushe. Asalin kalmar ma ya goyi bayan haka, domin ta fito ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda take da dangantaka da tunani da zuciya da kwantar wa mutum hankali. Ta zauna a rubutun Danmak da ma'anarta ta yau tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da ƙarni na 19, kuma ba abin mamaki ba ne ƙasashen biyu su yi tarayya a kanta, tunda Danmak da Norwe sun kasance ƙarƙashin sarki ɗaya har zuwa 1814.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa al'umma ta ware wa wannan yanayi suna ba sai an dubi hunturunta. A Kwapanhagan, babban birnin ƙasar, rana mafi gajarta a Disamba ba ta wuce kimanin sa'o'i bakwai na haske: rana kan fito bayan ƙarfe takwas da rabi na safe, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma a yawancin kwanaki gajimare ne ke rufe sararin, ga iska mai danshi da yayyafi mai sanyi. Ma'aikaci yana fita gida cikin duhu, ya komo cikin duhu, yaro ma ya tashi daga makaranta gari ya fara rufawa. A irin wannan hali gida ne ke zama mafaka na watanni, don haka mutane suka mai da hankali ga yadda za su sa zaman cikinsa ya yi daɗi. Tsarin aikin ƙasar ya taimaka, domin makon aiki na yau da kullum sa'o'i 37 ne, abin da ke ba iyaye damar komawa gida su ci abincin dare tare da 'ya'yansu.

Haske ne ginshiƙin al'amarin, kuma a nan ne mutanen Danmak suka fi nuna kulawa. Fitila mai farin haske da ke kashe ido daga tsakiyar rufi ba ta shiga lissafinsu. Sun fi son ƙananan fitilu masu ruwan ɗorawa a sassa daban-daban na ɗaki, ɗaya a rataye ƙasa-ƙasa a kan teburin cin abinci, ɗaya kusa da kujerar karatu, ɗaya a bakin taga. Mai zanen gine-gine Poul Henningsen ya yi suna ne tun shekarun 1920 saboda fitilar da ya ƙera mai faifai hawa-hawa, waɗanda ke ɓoye ƙwan lantarkin su watsa haskensa a hankali, kuma samfurin da ya fitar a 1958 mai suna PH 5 har yau yana rataye a gidaje masu yawa. Kyandir kuwa suna kiransa levende lys, wato haske mai rai, kuma ana kunna shi a kan teburin karin kumallo, da ofis, har da ajin makaranta. Daga cikin kyandirorin akwai na musamman da ake kira kalenderlys, wanda aka zana wa lambobi daga 1 zuwa 24 a jikinsa. Kowace rana ta Disamba ana kunna shi, yara su zuba masa ido yayin da ake cin burodi ana shan madara, har kakin ya narke ya cinye lambar ranar, sannan a hure shi a jira gobe. Kyandir ne guda ɗaya mai arha, amma yana tara iyali a kan tebur na 'yan mintoci har kwana ashirin da huɗu a jere.

Yadda kalmar ke haihuwar wasu kalmomi shi ma yana nuna inda take zaune a rayuwar gida. Hyggekrog shi ne lungun da mutum ke lafewa da matashin kai da littafi, sau da yawa a gindin taga. Hyggebukser shi ne tsohon wandon nan mai laushi da ba a fita da shi, amma ba a yarda a jefar ba. Fredagshygge kuma zaman yammacin Juma'a ne, lokacin da aka gama aikin mako, yara suka samu kwanon alewa, kowa ya shige ƙarƙashin bargo ɗaya a gaban talabijin. Mafi girmansu shi ne julehygge, na lokacin Kirsimeti, wanda mutanen Danmak ke yin babban bikinsa a daren 24 ga Disamba. A wannan dare akan ci risalamande, shinkafa da aka dafa da madara aka haɗa da kirim da yankakken almon (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa), a ɓoye ƙwayar almon guda cikakkiya a cikin kwanon, duk wanda ya tsince ta a rabonsa ya karɓi ƙaramar kyauta. Wanda ya samu yakan ɓoye ta a kumatu ya yi shiru, don sauran su ci gaba da ci suna nema har kwanon ya ƙare.

A shekarar 2016 ne kalmar ta tsallaka iyakar ƙasarta da ƙarfi. Littattafai da yawa a kanta suka fito a Ingila cikin 'yan watanni, masu ƙamus na Oxford da na Collins suka sanya ta cikin jerin kalmomin da suka yi tashe a shekarar, kuma a cikin gida, ƙuri'ar jama'a da ma'aikatar al'adu ta shirya ta zaɓi hygge cikin ɗabi'u goma da suka siffanta al'ummar Danmak. A wannan shekarar ce kuma ƙasar ta zo ta farko a rahoton farin cikin al'ummomin duniya, kamar yadda ta zo a 2012 da 2013, sai mutane da dama suka ɗauka cewa kyandir da bargo ne sirrin. Daga nan 'yan kasuwa suka karɓe ta, ta zama tambarin sayar da kaya a lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba da sayayyar Kirsimeti.

A nan ne nake ganin ma'anar ta fara karkacewa, kuma abin yana damuna, domin an mai da hali ya zama jerin kayan saye. Babu laifi mutum ya sayi bargo mai kyau idan yana buƙata, kuma mutanen Danmak da kansu suna kashe kuɗi a kan fitilu da kujeru. Sai dai a al'adarsu nuna arziki yana kashe hygge nan take. Masanin halayyar al'umma Jeppe Trolle Linnet, wanda ya nazarci iyalai a Kwapanhagan, ya nuna cewa kalmar tana ɗauke da ra'ayin daidaito, inda ake ɗaukar alfahari da ƙyale-ƙyale a matsayin abin da ke sanyaya zama. Kek ɗin da aka gasa a gida, ko da gefensa ya ɗan ƙone, ya fi shiga wannan yanayi fiye da wanda aka sayo don a burge baƙi, kuma mai gidan da ya bar baƙonsa ya taya shi yanka albasa ya fi kusa da ma'anar fiye da wanda ya hana kowa shiga madafa. Iyalin da suka ci bashi a Disamba don ɗakinsu ya yi kama da hoton talla sun sayi kamannin abin ne, alhali kwanciyar hankalin da ake nema ta tafi tare da kuɗin. Farin cikin ƙasar ma ya fi dogara ga yarda da juna da tsarin kula da lafiya da ilimi da ake biya daga haraji, waɗanda su ne ke ba mutum damar zama a gida ba tare da fargabar gobe ba.

Gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Da'irar hygge ƙarama ce, yawanci dangi da tsofaffin abokai, kuma ƙofar da ke tsare ɗumi ita ce ke tsare baƙo a waje, shi ya sa waɗanda suka ƙaura zuwa ƙasar kan yi ƙorafin wahalar samun shiga gidajen mutane. Haka nan ƙa'idar guje wa gardama a irin wannan zama tana iya sa a danne maganar da ya kamata a yi, don kada a ɓata wa kowa rai. Kyandir ma yana da tasa illar: hayaƙinsa yana gurɓata iskar ɗaki idan aka rufe tagogi, ga haɗarin gobara a watan da ake ƙawata gida da busassun rassan itace, don haka ake jan hankalin mutane su riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kuma kada su bar wuta ba mai kula.

Maƙwabtan Danmak suna da kalmomi masu kama da wannan, Jamusawa suna cewa Gemütlichkeit, mutanen Holan gezelligheid, na Suwidin kuma mys, kowace da inda ta fi ba ƙarfi. Ita ma hygge ba ta ƙarewa da ƙarewar sanyi, domin idan watan Yuni ya zo hasken rana ya haura sa'o'i goma sha bakwai, mutanen Danmak suna fitar da tebur zuwa lambu ko bakin teku, su zauna cin 'ya'yan itace da hira har ƙarfe goma na dare gari bai gama duhu ba, kuma da wannan kalmar dai suke kiran zaman.